Za a yanke wani sashe na hantar maigidana: zai rayu, kuma hantar za ta tsiro?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Maigidana shekararsa 43, ya daɗe da sanin yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Watan jiya aka yi masa sikanin, aka ga ƙari mai faɗin santimita 4 a ɓangaren dama na hantarsa, hoton CT kuma ya nuna kansa ce, wato ciwon daji. Likita ya ce tiyata za a yi a yanke wurin. Dangi sun rabu biyu: wasu sun ce in wuƙa ta taɓa kansa bazuwa take yi, wasu sun ce a sayar da fili a kai shi Indiya a yi masa dashen hanta. Shin mutum yana rayuwa in an yanke masa hanta? Me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ƙara miki juriya.

Zan fara da abin da watakila ba a tsaya an faɗa muku ba a asibiti saboda cunkoso: a ce an ga ƙari ɗaya tak, santimita 4, har likita ya yi maganar tiyata, wannan dama ce da mafi yawan masu kansar hanta a ƙasashenmu ba sa samu. A 2017 an buga wani bincike da ya tattara bayanan marasa lafiya sama da 2,500 daga ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, Ghana, Kamaru da Sudan. In aka ware Masar gefe, rabin marasa lafiyar sun rasu cikin wata biyu da rabi bayan an gano cutar, kuma kashi 3 cikin 100 ne kawai suka samu wani magani da ya shafi kansar kanta. Dalilin shi ne zuwa a makare. Yawanci sai ciki ya kumbura, ido ya yi shawara, ƙari ya cika hanta, sannan a kawo mutum. Maigidanki ya zo ƙofa tana buɗe, kuma duk abin da zan faɗa miki a ƙasa manufarsa kada ta rufe kuna cikin shawara.

E, mutum yana rayuwa bayan an yanke masa hanta, kuma tana tsirowa. Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1931 wasu masu bincike biyu a Amurka, Higgins da Anderson, suka cire kashi biyu cikin uku na hantar ɓeraye, suka ga cikin kwana goma ko ƙasa da haka abin da ya rage ya girma ya mayar da nauyin da aka rasa. A ɗan Adam abin ya fi jinkiri, amma mafi yawan girman yana dawowa cikin makonni zuwa 'yan watanni. Sai dai ki fahimci yadda tsirowar take. Sashen da aka cire ba ya dawowa da siffarsa kamar jelar ƙadangare. Ragowar ce take kumbura, ƙwayoyinta suna rabuwa suna hayayyafa, har ta kai girman da jiki yake buƙata, sannan ta tsaya. Babu wata gaɓa a cikin cikin mutum da Allah ya ba wannan baiwa kamar hanta.

To in haka ne, me ya sa likitoci suka daɗe suna tsoron taɓa ta? Jini. Hantar babban mutum nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi, kuma kusan lita ɗaya da rabi na jini ke ratsa ta kowane minti, wato kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da zuciya ke turawa. Namanta kuma laushi gare shi, duk wadda ta taɓa yanka hantar rago ranar Babbar Sallah ta san zare ba zai riƙe shi da sauƙi ba. Carl Langenbuch, likitan Balin da ya fara cire matsarmama a 1882, shi ne ya ba da rahoton yanke wani sashe na hanta cikin nasara a 1888, kuma ko shi sai da ya sake buɗe majinyaciyar saboda zubar jini. A 1908 Hogarth Pringle na birnin Gilasgo ya nuna cewa in aka matse jijiyoyin da ke shiga ƙofar hanta, zubar jinin tana raguwa na ɗan lokaci har likita ya samu ya yi aiki. Har yau muna amfani da dabararsa, muna matsewa na kimanin minti 15, mu saki na minti 5, mu sake.

Abin da ya canza komai shi ne aikin wani Bafaranshe, Claude Couinaud, a shekarun 1950. Ya riƙa ɗura wani ruwa mai daskarewa cikin jijiyoyin hantar mamata, ya narkar da naman, ya zauna yana nazarin rassan da suka rage. Ya gano hanta ba dunƙule ɗaya ba ce. Sassa takwas ne, kowanne da jijiyar da ke kawo masa jini da bututun da ke fitar masa da ruwan ɗaci. Kamar babban gida ne mai sassa takwas, kowane sashe da famfonsa da kwatarsa: ana iya rushe ɗaya, sauran su ci gaba da zama lafiya muddin an san inda bututu ya bi. Lambobin nan da za ki gani a takardar CT ta maigida, sashe na 6 ko na 7 ko na 8, nasa ne. A 1952 wani likita Bafaranshe, Lortat-Jacob, ya ba da rahoton cire dukan ɓangaren dama a Faris bayan ya fara ɗaure jijiyoyinsa. Daga baya likitocin Japan, musamman Masatoshi Makuuchi, suka kawo ɗora na'urar sikanin kai tsaye a kan hanta ana cikin aiki, don a ga jijiya kafin wuƙa ta isa gare ta. Likitocin sa barci ma sun ba da nasu: an gano in aka rage ruwan da ake ɗura wa majinyaci yayin yankan, matsin jini a manyan jijiyoyin bayan hanta yana sauka, zubar jini ta ragu sosai.

Sakamakon duk wannan ana iya ganinsa a lissafi. Wani nazari na asibitocin Amurka da aka buga a 1977 ya nuna kusan 13 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa hanta suna mutuwa ta dalilin aikin, a manyan ayyuka kuma ya kai 20. A 2002 wata babbar cibiyar kansa a Niyok ta ba da rahoton aiki 1,803 a jere, mace-macen kusan 3 cikin 100. Ki lura, wannan adadin na cibiyar da ke yin aikin kullum ne, mai wadatar jini da ɗakin kulawa ta musamman. Zan dawo kan wannan.

Yanzu ga inda nake so ki fi mayar da hankali. Idan muka zauna muna tsara irin wannan aiki, abin da ke hana mu barci shi ne ragowar hantar da za a bar wa mutum: nawa ce, kuma lafiyarta ƙalau? Mai lafiyayyar hanta zai iya rayuwa da kashi 20 zuwa 25 cikin 100 nata. Wanda magungunan kansa suka gajiyar da hantarsa yana buƙatar kusan 30. Wanda hantarsa ta ƙanƙance ta yi tabo, abin da likitoci ke kira sirosis, yana buƙatar 40 ko fiye, kuma ko hakan sai in tabon bai yi nisa ba. In aka bar ƙasa da haka, aiki zai yi kyau, ƙari ya fita tsaf, amma bayan kwana uku zuwa biyar shawara ta bayyana, ruwa ya taru a ciki, jini ya ƙi daskarewa, hankali ya fara gushewa. Wannan gazawar hanta ita ce babbar mai kisa bayan tiyatar.

Saboda haka kafin a kai shi ɗakin tiyata dole a auna hantar. Akwai ma'aunin Child-Pugh da ake amfani da shi tun 1973, mai duba abu biyar: yawan sinadarin shawara a jini, yawan albumin, wani sinadarin gina jiki da hanta ke sarrafawa, saurin daskarewar jini, ko akwai ruwa a ciki, da ko hankali yana rikicewa. Mai aji A, wato wanda hantarsa ta fi lafiya a wannan ma'aunin, shi ake yi wa babban yanka. Sai a duba ko matsi ya hau a jijiyar da ke kawo jini daga hanji zuwa hanta. Masu bincike a Basalona sun nuna tun 1996 cewa waɗanda wannan matsin ya hau musu sun fi faɗawa gazawar hanta bayan aiki. Alamunsa su ne saifa ta girma, ƙwayoyin filatilet masu taimaka wa jini daskarewa su sauka ƙasa da 100,000, ko a zura kyamara ta baki a ga jijiyoyi sun kumbura a maƙoshi. Daga hoton CT kuma ana iya lissafa girman ragowar da kwamfuta. Akwai wani abu mai daɗin ji a nan: ciwon hanta na B yana iya haifar da kansar hanta tun hantar ba ta yi tabo ba, musamman ga masu ƙananan shekaru irin maigidanki da suka kamu tun ƙuruciya. In haka lamarinsa yake, yanka shi ne magani na farko, kuma jikinsa zai ɗauka da kyau.

Idan aka auna aka ga ragowar ta yi ƙanƙanta, magana ba ta ƙare ba. Makuuchi da abokan aikinsa sun nuna cewa in aka toshe jijiyar da ke kai jini ɓangaren da za a cire, jinin sai ya karkata zuwa ɗaya ɓangaren, ya girma cikin mako huɗu zuwa shida, sannan a yi yankan. Ta fata ake zura siririn bututu a yi toshewar, ba a buɗe ciki. A 2012 likitocin Jamus suka buga wata dabara mafi sauri da ake kira ALPPS: a buɗe ciki a ɗaure jijiyar, a tsaga hantar biyu a bar ta a wurin, a dawo bayan kwana tara ko makamancin haka a cire ɓangaren mai ciwo. A marasa lafiya 25 na farko ragowar ta ƙaru da kusan kashi 74 cikin 100. Amma mace-macen farko sun yi yawa, kuma an fi samun nasararta a kansar hanji da ta bazu zuwa lafiyayyar hanta. Ni dai ban ga dacewarta ga ƙari mai santimita 4 a hantar da ke fama da ƙwayar B ba. Irin nasa sau da yawa sashe ɗaya ko biyu ake cirewa, ba rabin hantar ba.

Batun cewa wuƙa tana baza kansa, na san inda ya samo asali, kuma ba na ganin laifin masu faɗarsa. A da, kafin a samu CT, akan buɗe mutum a tarar cuta ta riga ta mamaye ciki, a rufe ba a cire komai ba, ya rasu bayan 'yan makonni. Dangi sun ga an yi aiki, sun ga mutuwa, sai suka haɗa biyun. Cutar ta bazu tun kafin a taɓa shi. Ƙwayar gaskiyar da ke cikin maganar ita ce, in aka soka allura cikin ƙarin don ɗebo nama a gwada, a kusan mutum 2 zuwa 3 cikin 100 ƙwayoyin kansa sukan bi sawun allurar. Shi ya sa in hoton CT ko MRI ya nuna siffar kansar hanta ƙarara, wato ƙarin ya sha ruwan da ake ɗurawa a jijiya don ɗaukar hoton da wuri ya kuma sake shi da wuri, sau da yawa ba ma sokawa. A wurin aiki kuwa likita ba ya ratsa ƙarin. Yana zagaye shi ne, ya cire shi da lafiyayyen naman da ke kewaye, har da sashen da jijiyarsa ke ciyarwa, domin ta rassan jijiyar nan wannan kansar ke yaɗuwa a cikin hanta. Abin da ke baza ta da gaske shi ne lokaci. A matsakaici girman ƙarin yakan ninka cikin wata 4 zuwa 5, wani ma ya fi haka sauri, kuma ranar da ya kutsa cikin babbar jijiya zancen tiyata ya canza gaba ɗaya. Na taɓa ganin magidanci da ya zo da ƙari irin wannan, aka sa ranar aiki, dangi suka ce a fara gwada na gida. Ya dawo bayan wata bakwai, ciki cike da ruwa, ba abin da hannuna zai iya yi masa sai rage raɗaɗi. Har yau yana raina. Ina roƙonki, kada a yi masa sakiya ko tsaga a ciki, kuma a dakatar da duk wani jiƙo da sassaƙe, domin hantar da za ta tace su ita muke lallaɓawa.

Dashe kuma magana ce ta gaskiya, masu kawo ta ba su yi shirme ba. Thomas Starzl ya fara shi a birnin Denba na Amurka a 1963, ya samu nasarar farko a 1967. Ga masu kansa, an daɗe ana dasawa cutar tana dawowa, sai a 1996 Vincenzo Mazzaferro a Milan ta Italiya ya nuna a marasa lafiya 48 cewa in ƙari ɗaya ne da bai wuce santimita 5 ba, ko uku da kowanne bai wuce santimita 3 ba, kuma bai shiga jijiya ba, kashi 75 cikin 100 suna raye bayan shekara huɗu. Maigidanki ya shiga wannan ma'aunin. Fa'idar dashe ita ce yana ɗauke ƙarin tare da hantar da ta haife shi. Amma ki duba abin da ke tare da shi. Baƙo a Indiya hantar mai rai ake dasa masa, daga ɗan'uwa na jini ko mata, kuma yawanci ɓangaren dama ake ɗauka, fiye da rabin hantar mai bayarwa. Lafiyayyen mutum ne zai kwanta a yanka shi, da haɗarin mutuwa da ake ƙiyastawa kusan 1 cikin 200. A gidajen da ƙwayar B ta shiga tun ƙuruciya, in aka gwada 'yan'uwa sau da yawa a tarar su ma suna ɗauke da ita, ba za su iya bayarwa ba. Bayan an dawo gida kuma akwai maganin hana jiki ƙin sabuwar hanta da za a sha har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini na auna shi a kai a kai. Kuɗin fili yakan biya aikin, ba ya biyan shekarun da ke biye. Ra'ayina shi ne: in gwaji ya nuna hantarsa aji A ce kuma matsi bai hau ba, a yi yankan, a ajiye dashe a matsayin tanadi in cutar ta dawo. In kuwa hantar ta yi tabo sosai, to dangin da ke maganar Indiya su ne da gaskiya. Hukuncin ƙarshe na likitan da ya duba shi ne, da takardun gwaji a gabansa.

Akwai hanya ta uku da za ki iya ji, ƙona ƙarin da allura mai zafi ta fata. Tana aiki sosai ga ƙari mai santimita 2 zuwa 3. Da ya kai 4 zafin ba ya game gefunansa yadda ake so, sai ya fi saurin dawowa a wurin.

Ki yi wa likitan tambayoyi kai tsaye, haƙƙinku ne, kuma likitan kirki ba ya jin haushinsu. Aikin hanta nawa shi da tawagarsa suke yi a shekara? Wane sashe za a cire, kashi nawa zai rage? Akwai gado a ɗakin kulawa ta musamman ranar aikin, an tanadi jini leda nawa? Akwai na'urar sikanin a ɗakin tiyata? Bincike a ƙasashe da dama ya nuna a aikin hanta, asibitin da ke yin sa da yawa ya fi ƙarancin mace-mace, domin sabon hannu ya shafi likitan sa barci da ma'aikatan jinya da ke lura da dare, ba mai wuƙa kaɗai ba. In an ce za a tura ku wani asibitin koyarwa mai nisa, ku je. Ko ta buɗe ciki za a yi ko ta ƙananan huji da kyamara, kada wannan ya dame ku. Wani gwaji a Oslo ta Norwe a 2018 ya nuna aikin kyamara ya rage matsalolin bayan tiyata daga 31 zuwa 19 cikin 100, amma a hannun waɗanda suka ƙware a kansa. Hanyar da likitan ya fi sabawa da ita ita ce mafi aminci ga maigidanki.

Dole kuma in faɗa miki ɓangaren da ba shi da daɗi. Cikin waɗanda aka zaɓa da kyau aka yi wa yanka, kashi 50 zuwa 70 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar, amma a fiye da rabinsu kansa takan sake fitowa cikin wannan lokacin, ko dai daga ɓurɓushin da ido bai gani ba, ko sabuwa daga hantar da ƙwayar cuta ke ci gaba da ci. An gwada ba da maganin sorafenib bayan aiki don hana dawowar, babban gwajin da aka buga a 2015 ya nuna bai hana ba. Abin da gwaje-gwaje a Sin suka nuna yana rage dawowar shi ne danne ƙwayar B kanta. Don haka in bai fara shan tenofobir ko entekabir ba, a yi maganar da likita wannan makon, tun kafin aiki, domin wahalar tiyata takan tayar da ƙwayar. Ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma ba a dainawa don an ji sauƙi. Bayan aiki za a riƙa yi masa hoto da gwajin jini na AFP, wani sinadari da yakan hau in akwai kansar hanta, duk wata uku zuwa huɗu a shekaru biyun farko, daga baya duk wata shida. In ta dawo aka kama ta tana ƙarama, ana iya ƙonawa, a sake yanka, ko a yi dashen.

A kicin ma kina da aiki. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da danshi tana fitar da gubar afilatoksin. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Gubar tana lalata wata ƙwayar gado mai tsare hanta daga kansa, kuma bincike a Gambiya da Sin ya nuna in ta haɗu da ƙwayar B haɗarin yana ninkuwa ƙwarai. Dafuwa da suya ba sa kashe ta. Ki tsince gyaɗar da ta yanƙwane, ta canza launi ko take ɗaci ki zubar, kada a mayar da ita ƙuli-ƙuli ko kunu, kuma hatsi ya bushe sarai kafin a zuba a buhu. Ya ci abinci mai gina jiki kafin aiki, ƙwai, wake, kifi, nono, domin da su hanta za ta gina sabon nama.

Sai ke da yara. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan 8 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar B, kuma allurar rigakafinta ba ta shiga jerin na jarirai ba sai 2004. Ki je a gwada ki, a gwada yaran duka, da 'yan'uwansa da suke ciki ɗaya, da abokiyar zama in akwai. Wanda ba shi da ita a yi masa allura uku. Wanda aka samu da ita a duba ko yana buƙatar magani, babba kuma ya riƙa yin sikanin da gwajin AFP duk wata shida ko yana jin lafiya garau. A Shanghai an gwada hakan a kan mutum sama da 18,000, sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mutuwa daga kansar hanta ta ragu da kashi 37 cikin 100 a waɗanda ake dubawa. Jaririn da za a haifa nan gaba a gidan a yi masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, kafin wanzami ya zo ranar suna. Ranar da za ku koma ganin likita, ki tafi da faifan CT ɗin kansa, ba takardar rahoto kaɗai ba, ki kuma tafi da babban wansa ko wanda dangi ke jin maganarsa, ya ji bayanin da kunnensa.